Kura a keji, ungulu babu labari: muhawarar 'yan Zango kan gidan zu na Kumasi

Malamar Aji Huɗu:
Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana. A yi mini haƙuri, maganar tawa da ɗan tsawo. Ranar Asabar da ta wuce muka kwashi 'yan ajina su 34, ni da malamai biyu, muka kai su gidan zu ɗin nan na bayan kasuwar Kejetia, wanda ke maƙwabtaka da Cibiyar Al'adu. Trotro biyu, wato ƙananan bas na haya, muka yi shata daga Aboabo. A garin nan aka yanke mini cibiya, na bi ta gefen katangar nan ya fi a ƙirga, amma ban taɓa sa ƙafata ciki ba sai ranar.

Kana tsallake ƙofa hayaniyar kasuwa ta koma can baya, iska ta yi sanyi, sai kuma wata ƙara daga sama kamar ana suya a tafasasshen mai. Muka ɗaga kai. Jemagu ne, dubbai, sun yi wa rassa baƙi ƙirin, kowanne rataye kai ƙasa, wani na miƙa fiffike yana mayarwa. Yara suka yi cirko-cirko. Mun ga jimina, mun ga raƙumi, ga kada kwance baki buɗe ko motsi babu, har wani yaro ya rantse na siminti ne. Amma wurin kura ne abin ya taɓa ni. Wani ɗan shekara tara ya riƙe mini gefen hijabi ya ce, "Malama, ashe kura gaskiya ce? Ni na ɗauka a tatsuniya take kawai, ita da Gizo." Ya tsaya yana kallon yadda kafaɗarta ta fi ƙugunta tudu, ta tashi tana tafiya kamar mai ɗingishi. Da ƙyar na janye shi.

Can wurin birai, cimfanzi guda ya miƙo hannu, tafi a sama. Ga zanen tafi, ga farce, ga tamoji kamar hannun tsoho. Sai wata yarinya, wadda ko a aji ba ta cika magana ba, ta ce, "Malama, laifin me ya yi aka kulle shi?" Na ce ba laifi ya yi ba. Ta ce to don me? Ma'aikacin da ke zagayawa da mu ya ce mata wasunsu ƙwato su aka yi daga hannun masu fataucinsu, wasu kuma marayu ne da aka kawo bayan an harbe iyayensu. Ta yi shiru, amma na ga ba ta gamsu ba. Ni ma har yau tambayar tana cina.

Abin da ya sa na kawo maganar nan: muna shirin kai 'yan aji biyar wata mai zuwa, sai wani uba ya aiko cewa ɗansa ba zai je ba, don kallon dabba a keji taya zalunci ne. Ina neman shawararku kafin in amsa masa.

Alhaji Mai Goro:
Wa alaikumus salam. Malama, uban nan ya yi gaskiya, kuma yarinyar nan ta tambayi abin da manya ke gudu. Kowa a nan ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa. Kyanwa fa. To ina ga wanda ya ɗaure zaki?

Lokacin da nake yawon fatauci na taɓa shiga wani gidan namun daji a wata ƙasa, ba sai na faɗi suna ba. Na tarar da zaki a ɗaki wanda bai kai shagona ba. Taku shida ya je, taku shida ya dawo, har ƙasa ta yi rami a inda yake juyawa. Na tsaya ina ƙirgawa har na kasa ci gaba da kallo. Tun ranar ban sake biyan ko kwabo don in kalli dabba a ɗaure ba. Muna yara gardawa kan shigo Zango da kura da takunkumi, da biri da riga, ana kiɗa ana watsa musu kuɗi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan ma shi ne, sai dai an yi masa katanga da tikiti.

Malamin Makarantar Dare:
Alhaji, Allah ya ƙara girma. A ƙarasa hadisin dai. Matar nan ta kulle kyanwar, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba, har ta mutu. Abin da aka kama ta da shi ke nan. Ga kuma ƙanin Anas ɗan Malik, Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, Manzon Allah (SAW) yana tambayarsa labarin tsuntsun, bai ce a sake shi ba. Daga nan malamai suka fahimci cewa ajiye dabba ya halatta idan an ba ta haƙƙinta. Amana ce. Wanda ya ɗauka ya kasa, alhaki na wuyansa. A Suratul An'am Allah ya ce dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamarmu, saboda haka ban ga laifi yaro ya je ya ga wata al'umma ya yi tasbihi ba.

Alhaji Mai Goro:
Malam, na yarda da karatunka. Amma haƙƙin zaki nama ne kaɗai? Kai in aka kulle ka a ɗaki ana miƙo maka tuwo sau uku, an ba ka haƙƙinka?

Ɗalibar Tek:
Sallama gare ku iyaye. Baba Alhaji, ni fannin namun daji nake karantawa a nan KNUST, jami'ar da muke kira Tek, kuma zan fara da cewa abin da ka gani gaskiya ne. Wannan kai da komon da zaki ke yi a layi ɗaya alamar ƙuncin zuciya ce, masu kula da dabbobi sun san shi, kuma duk gidan da ka ga haka to akwai gyara. Ba wanda ya karanci fannin nan da zai ce maka keji ya fi daji.

Tambayar ita ce, dajin yana nan? Gidan zu na Kumasi a 1957 aka buɗe shi, shekarar 'yancin kai, kuma Majalisar Asanteman, ta masarautar Asantawa, ce ta tsaya a kai. A lokacin kurmi ya kewaye garin nan. Yau ka bi hanyar Obuasi ko ta Dunkwa ka ga abin da galamse, haƙar zinariya ta bayan fage, ya yi wa ƙasa, ka dubi launin kogin Offin da na Pra. In ka ce a buɗe ƙofa a saki birin da aka raina tun yana jariri a hannun mutane, ina zai nufa? Bai san abin da ake ci a daji ba, bai san tsoron mutum ba. Kafin sati ya zagayo yana kan wuta.

Akwai kuma aikin da mai yawon kallo ba ya lura da shi. Wata ƙungiya mai suna WAPCA, wadda gidajen zu na Turai suka kafa a 2001, na Heidelberg a Jamus ne kan gaba, tana aiki da sashen namun daji na Hukumar Gandun Daji don hayayyafa birai iri biyu da ke dab da ƙarewa. Ɗaya mangabe mai farar ƙeya. Ɗayan rolowe, mai dogon farin gemu, wanda duk duniya babu shi sai a kudu maso yammacin Ghana da gefen Kwaddibuwa. Cibiyar kiwon tana gidan zu na Ankara, babban birninmu, kuma a nan Kumasi an killace wani yanki na itatuwa inda mangaben ke hawa da sauka kamar a kurmi. Suna kuma aiki da ƙauyukan bakin iyaka don tsare dajin da ya rage.

Akwai na ukunsu, kolobus mai jan gashi da ake kira na Miss Waldron. Shi ba a samu an ajiye a ko'ina ba. Rabon da masana su gan shi da rai tun 1978, kuma a 2000 suka ce da alama ya ƙare. A dazuzzukanmu yake, Baba. Da an sami ko guda ashirin a killace, yau da akwai abin da za a mayar.

Maman 'Yan Biyu (Nima):
Tunda an ambaci namu na Ankara bari in sa baki. Asalinsa na Kwame Nkrumah ne, a Flagstaff House ya ajiye dabbobinsa, sai bayan juyin mulkin 1966 aka buɗe wa jama'a. Muna yara can ake kai mu ranar Sallah, da sababbin kaya, mu sha kankara a hanya. A 2006 aka tashe shi don gina fadar shugaban ƙasa, aka kwashe dabbobin zuwa wurinku Kumasi, daga baya aka sake kafa shi a dajin Achimota. Ke nan Malama, wataƙila wasu da kika gani baƙinmu ne.

Ni abin da ke tayar mini da hankali daban ne. A watan Agusta 2022 wani mutum ya haura shinge ya faɗa wurin zakuna a Achimota, suka kashe shi. Tun lokacin gabana ke faɗuwa. Yara 34 da malamai uku? Yaro guda ya sulale fa?

Malamar Aji Huɗu:
Yaya, mun raba su kashi uku, kowace malama da nata, kuma kowane yaro da abokin riƙon hannu. Ba yaran ne suka ba ni wahala ba. Wasu samari muka tarar suna jefa wa birai ledar ruwa da bawon biskit, ɗaya har da tsinke yana tsokanar kunkuru don ya ɗauki bidiyo. Ma'aikaci ya yi musu magana suka yi masa dariya. Yarana suna kallo. Wannan ya fi komai ɓata mini rai ranar.

Ɗan Magazin:
Ni jemagun nan ne ban yarda da su ba. Ba su ne suka kawo cutar Marburg nan Ashanti a 2022 ba? A ce yara su tsaya ƙarƙashinsu suna ɗaga kai baki buɗe? Da ni ne gwamnati feshi zan sa a yi musu, da na nan da na bakin asibitin 37 a Ankara.

Ɗalibar Tek:
Kawu, Marburg ta ɓulla a Yuli 2022 a yankin Ashanti, haka ne. Amma jemagen da aka san yana ɗauke da ita mai kwana a kogo ne da ramukan ma'adinai. Waɗannan na kan itace wani iri ne daban, masu gashi ruwan ƙasa-ƙasa kamar busasshiyar ciyawa. Ban ce su ba sa ɗauke da komai ba. Kada yaro ya taɓa wanda ya faɗo, kada ya tsinci 'ya'yan itacen da suka gatsa, a sa hula, a wanke hannu kafin a ci abinci. Wanda ke cikin haɗari shi ne mai harbo su yana feɗewa.

Feshi kuwa, kanmu za mu yi wa. In magariba ta yi ka tsaya Kejetia ka ga sun tashi kamar hayaƙi, kiwo suke tafiya. Su ci 'ya'yan itace can, su kasayar da irin a hanya. An ɗaura wa irinsu na Ankara na'urar bin sawu, aka gano suna iya kai iri nisan kilomita 75. Itacen odum ɗin nan da kafintocin Sokoban ke kuka ya yi tsada, jemage na cikin manyan masu shuka shi. Ba wanda ke biyansu, ba wanda ya kulle su, su suka zaɓi itatuwan gidan zu don nan ne aka bar manyan itatuwa a tsakiyar gari.

Ɗan Magazin:
To na janye feshin. Amma hular dole.

Tsohon Mahauci:
Jikana ke rubuta mini, ni nake faɗa. Ina gaida Alhaji, ina gaida Malam, ina gaida 'yata mai karatun dabbobi.

Kuna ta maganar zaki da biri. Zaki ba maƙwabcina ba ne. Ni wadda nake tambaya ita ce ungulu. Na shiga fawa ina ɗan shekara goma sha biyu, a hannun kawuna. A lokacin in aka kayar da sa a mayanka, kafin ka zare wuƙa sun jeru a kan rufi kamar almajirai na jiran sadaka. Sai ka sa yaro da sanda ya tsare tire, in ba haka ba hanji ya tafi. Ba sa tsoron mutum, tana tafe gefenka tana ɗan tsalle, fuskar nan ja, in ta ga nama ta ƙara ja. Muna korarsu muna zaginsu. Amma in yamma ta yi muka watse, da safe ka dawo ka tarar da wurin fes. Tumbin da aka zubar, jini da ya daskare, mushen kare a kwata, duk sun share. Ko a kasuwa haka, ko bayan gidaje.

Yau shekara nawa rabona da in ga goma a wuri ɗaya? Ban san ranar da suka tafi ba. Ba wanda ya yi shela. Wata rana ce kawai na ɗaga kai na ga rufi babu kowa. Jikan nan da ke rubuta mini, shekararsa goma sha huɗu, na ce masa "ungulu ba ki jewar banza", ya ce Baba mece ce ungulu? Yaron Malama ya ɗauka kura tatsuniya ce, to kura ta daji ce, da uzurinsa. Ungulu fa a kan rufinmu take kwana.

Ita ba keji ya cinye ta ba, Alhaji. A sake take, kamar yadda kake so. Ina take?

Alhaji Mai Goro:
Yaya, wallahi sai da ka faɗa na lura. Ni ma na daɗe ban gani ba.

Ɗalibar Tek:
Baba, abin da idonka ya gani shi masana suka rubuta. Wannan ungulun ta gari, tun 2015 aka sa ta a jerin halittun da ke gab da ƙarewa a duniya, mataki na ƙarshe kafin a ce babu. Dalilan sun haɗu. An sare dogayen itatuwan da take sheƙa. Mayanka ta zamani ba ta zubar da abu a fili kamar da. Akwai guba da ake sa wa mushe. Kuma ƙwai ɗaya tak take yi a sheƙa, saboda haka in aka kashe uwa guda ba a mayar da gurbinta da wuri.

Babban dalilin a Afirka ta Yamma kuwa, ku gafarce ni iyaye, kanta ake nema. A 2020 an kashe sama da 2,000 da guba a Gini Bisau, an tarar da da yawa an yanke kawunan. Ba don ci ba. Don kasuwar tsibbu.

Indiya ta riga mu ganin ƙarshen wannan hanya. A shekarun 1990 wani maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu, diclofenac, ya kashe musu fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu ungulayensu. Mushe ya rasa mai ci, karnukan titi suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru. Sai a 2006 suka hana ba dabbobi maganin.

Ɗan Magazin:
Ai wannan aikin masu cin naman daji ne. Mu Musulmi ba ma cin abin da ba a yanka ba. A je kasuwarsu ta Atwemonom a yi musu wa'azi.

Ɗan Mai Magani:
Ɗan'uwa, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na daɗe ina karantawa ina shiru, amma wannan ba zan bar ta ta wuce ba. Atwemonom gada suke sayarwa da akranti, wato ƙaton ɓeran daji, sunan kasuwar ma daga naman gada ya samo asali. Ba su ke sayar da kan ungulu ba. Mu ne.

A rumfar mahaifina na tashi, Allah ya jiƙansa. Gaba saiwoyi da sassaƙe, kanumfari, bagaruwa, jar kanwa. Ƙarƙashin tebur kuwa akwai buhu. Busasshiyar hawainiya, fatar bushiya, ƙayar beguwa, guntun fatar damisa, jan gashin wutsiyar aku, da kawunan ungulu a ɗaure da zare. Ni nake shanya su a rana ina yaro, har yau ina jin warin a hancina. Masu saye kowane iri ne, mai salla da mai zuwa coci, mai neman kasuwa, mai shari'a a kotu, mai neman kujera. Mahaifina bai taɓa kashe ungulu da hannunsa ba, kawo masa ake yi. Bai kuma ɗauka yana ɓarna ba, don a lokacin ungulu ta fi kaji yawa. Wa zai ce za ta ƙare?

Da rumfar ta dawo hannuna na daina. Ba wai don na fi shi tsoron Allah ba, a'a, na ga kuɗin kai guda yana ta hawa, na gane abin da hakan ke nufi. Har yanzu ana zuwa ana tambayata a asirce, in na ce babu sai a wuce rumfa ta gaba. Ina faɗin wannan ne don kada mu zauna muna zagin gidan zu da Asantawa alhali buhun yana ƙarƙashin teburinmu.

Malamin Makarantar Dare:
Allah ya saka maka da alheri, wannan magana da nauyi ka ɗauke ta. Ni kuma in faɗi nawa: babu inda addini ya ce kan tsuntsu na kawo kasuwa ko ya juya zuciyar alƙali. Duk wanda ya rubuta wa mutum haka ya ce malanta ce, ya ji tsoron Allah. Mun yi sakaci da ba ma faɗin haka a kan mumbari.

Maman 'Yan Biyu (Nima):
Gashin aku da ka ambata ya tuna mini. Gidan kakata akwai aku a keji bakin zaure, yana kwaikwayon sallama da tarin kakanmu. Kusan kowane babban gida a Zango da nasa. Yanzu ko a kasuwa ban gani.

Ɗalibar Tek:
Mma, shi ma ya tafi. Binciken da aka yi a nan Ghana ya nuna tun daga 1992 mun rasa tsakanin kashi 90 zuwa 99 cikin 100 na akunmu, saboda kamawa ana fitarwa waje da sare manyan itatuwa masu kogo da yake ƙwai a ciki. A 2016 ƙasashen duniya suka hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa.

Kawu na Magazin, ko naman dajin ma akwai doka. Daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba an rufe farauta kowace shekara, don lokacin ne dabbobi ke da ciki ko goyo. Akranti kaɗai aka bari, shi ma sai da lasisi. Maharbanmu na Zango nawa ne suka san da wannan?

Ɗan Dosso:
Salamu alaikum. Ni baƙo ne a Kumasi, shekarata takwas ina sayar da albasa, amma ina da abin faɗa, kuma bayan Alhaji nake. A ƙasarmu akwai raƙuman dawa a Kure, kan hanyar Yamai zuwa Dosso. A 1996 saura 49 suka rage, kuma irinsu babu a ko'ina sai can. Ba a kai su keji ba. An hana kashe su, aka taimaki manoman wurin don su haƙura da ɓarnar wake da suke yi musu, samari suka zama masu yi wa baƙi jagora. Yau sun haura 600, har a 2018 aka ɗebi wasu aka kai Gadabeji a jihar Maraɗi. Na gan su da idona suna cin ganyen gawo a bakin gonar gero, mai gona na noma abinsa. Wannan ya fi keji.

Alhaji Mai Goro:
Madalla da ɗan Dosso. Abin da nake faɗa ke nan. Ko nan Ghana, ku je Boabeng-Fiema wajen Nkoranza, birai na shiga gidaje, in ɗaya ya mutu har binne shi suke yi. Ku je Paga ku ga kada da mutane a tafki ɗaya. Ba akidarmu ba ce, amma sun tsare abinsu ba tare da ƙarfe ba. Kuɗin da ake kashewa a ciyar da zaki a tsakiyar Kumasi, a kai gandun dajin Mole mana.

Ɗalibar Tek:
Baba, in da za a ce in zaɓi ɗaya, na Kure zan zaɓa, ba ko tantama. Amma raƙuman dawan nan an tarar da 49. Akwai wanda ba a tarar da ko ɗaya ba. Mariri, farar dabbar nan mai dogayen ƙahoni kamar takobi, wadda ta cika sahel daga Nijar zuwa Chadi, a 2000 aka bayyana cewa ta ƙare a daji ƙaf. Sai waɗanda ke gidajen zu da garkunan da aka killace. Daga cikinsu aka tara garke a Abu Dhabi, a 2016 aka fara sakinsu a Chadi, suka hayayyafa, har a ƙarshen 2023 aka cire ta daga jerin waɗanda suka ƙare a daji. Ba don kejin ba, da sai a hoto.

Mole kuwa, giwaye na nan, ɓauna na nan, gwanki na nan. Zaki ne babu tabbas. An kafa kyamarori shekaru a dajin ba a ɗauki ko ɗaya ba. Ƙidayar da aka fitar a 2014 ta ce zakunan Afirka ta Yamma duka kimanin 400 ne, a wurare huɗu: Niokolo-Koba a Senegal, dajin W da Arli da Pendjari, sai Kainji da Yankari a Najeriya.

Sai kuma wannan, Baba. Daga nan zuwa Mole yini guda ne a mota, ta Techiman, Kintampo, Damongo, Larabanga, ga kuɗin kwana. Iyaye nawa a Aboabo za su iya? Gidan zu kuwa kuɗin trotro ne. Ni kaina a nan na fara ganin beguwa ina aji uku, na koma gida na hana kowa barci da tambaya. Abin da ya kai ni fannin nan ke nan.

Malamar Aji Huɗu:
Na gode ƙwarai iyayena. Yau da safe na karanta wa ajin saƙon Baba mahauci, na tambaye su wa ya taɓa ganin ungulu da idonsa. Hannu uku suka tashi cikin 34, ɗaya ma a Bawku ya gani da suka je hutu. Yarinyar nan tawa ta ce, "To Malama, ita wa zai ajiye ta?" Na ce ta rubuta tambayar, za mu kai wa Yayarmu ta Tek.

Zan je wurin uban yaron da kaina, ba saƙo zan aika ba. In ya ce a'a bayan ya ji, ɗansa ne. Baba, in da hali ina roƙon ka zo tare da mu ka ba yara labarin mayanka da bakinka. Yaya mai magani, kai ma.

Ɗan Mai Magani:
Zan zo, amma ban yi alkawarin zan iya faɗin na buhun a gaban yara ba.

Tsohon Mahauci:
In Allah ya kai mu zan zo, in an samo mini wurin zama gaba saboda gwiwa. Kuma ina roƙo, duk wanda ya ga ungulu a garin nan, ko guda ce, ya faɗa mana unguwar da itacen. Ina so in kai yaron nan ya gani.

Ɗan Dosso:
Baba, ranar Talata na ga biyu suna shawagi sama wajen Kaase, da hantsi.

Ɗalibar Tek:
Kawu, a faɗi unguwa kawai a nan. In an ga sheƙa kada a rubuta wurin, a kira ni ko Baba. Ba mu san hannun da saƙo zai faɗa ba.

Malamar Aji Huɗu:
To Asabar ta biyu ga wata, ƙarfe 8 a ƙofar makaranta. Kowane yaro da hula da ruwansa, ba a shiga da biskit. Saura kuɗin trotro guda muke nema.

Alhaji Mai Goro:
Trotro ɗin na wuyana, Malama, ki aiko a karɓa a shago. In rani ya yi kuma a zaɓo yara goma mu kai su Mole su ga giwa tana shan ruwa da ƙafarta, ni zan yi man mota. Ranar Asabar zan raka ku har bakin ƙofa, amma ni ba zan shiga ba. Zan jira ku a inuwa wajen masu sayar da kwakwa.